Labarin Ernest Sykes, Leburan Reluwe Da Ya Sami Lambar Biktoriya

Masu iya magana sun ce, sai an gwada a kan san na ƙwarai. Sau da yawa mutum ya kan zauna cikin jama'a shekara da shekaru yana 'yar sana'arsa, ba wanda ya san irin zuciyar da ke gare shi, sai ran da wuya ta zo. To, 'yan makaranta, yau labarin wani irin wannan mutum za mu ba ku. Sunansa Ernest Sykes, Bature ne mutumin Ingila. Shi ba ɗan sarauta ba, ba attajiri ba, ba kuwa babban hafsa ba. Lebura ne mai gyaran hanyar jirgin ƙasa, wanda ya shiga soja a Yaƙin Duniya na Farko, watau na 1914 zuwa 1918, ya komo gida da lambar da ta fi kowace girma cikin lambobin yaƙi na Ingilishi. Abin da ya sa labarinsa ya isa a ba da shi kuwa, ya sami lambar nan ne saboda rayukan da ya ceta.

Asalinsa Da Sana'arsa

An haifi Sykes ran 4 ga watan Afril, 1885, a wani gari wai shi Mossley, can arewacin Ingila, ba nisa da babban birnin nan Manchester. Garin yana gindin duwatsu, a bakin wani kogi da a ke kira Tame, yawancin mutanensa kuwa a wancan zamani ma'aikatan masaƙa ne, masu saƙar auduga da ulu da injuna. Da Sykes ya girma sai ya kama aiki da kamfanin reluwe na Landan da Arewa Maso Yamma, wanda a ke taƙaita sunansa da L.N.W.R. A lokacin kamfanin nan yana cikin mafiya girma a Ingila, babbar tasharsa kuwa ita ce Euston a birnin Landan. Aka sa shi aikin gyaran dogo a wani wuri kusa da garinsu, ana ce da shi Micklehurst.

Duk wanda ya taɓa tafiya cikin jirgin ƙasa ya ga irin mutanen nan ta taga, suna tsaye a gefen hanya da diga da shebur da guduma, suna jiran jirgi ya wuce su koma bakin aiki. A wancan zamani a kan raba hanya kashi kashi, kowane kashi da ƙungiyar leburorinsa da helumansu. Kullum sai wani ya bi kashin nan da ƙafa, yana duban ƙarafa, yana buga abin da ya saki, yana ɗaure ƙusoshi, yana lura ko tsakuwar da ke ƙarƙashin katako ta zaizaye. A lokacin nan in hazo ya rufe ƙasa, yadda direba ba ya iya hangen alama, su ne a kan tura su tsaya bakin hanya cikin sanyi, su ɗora wani ɗan abu mai fashewa a kan dogo, don in jirgi ya taka shi direba ya ji ƙara ya san akwai haɗari a gaba. Ladan wannan aiki kafin yaƙi bai wuce wajen fam guda a mako ba, ga shi kuwa jirgi ya kan take leburori da yawa kowace shekara.

Ku lura da abu guda game da sana'ar nan. Mai gyaran dogo yana tsaron rayukan mutanen da bai san su ba, su ma ba su san shi ba. Fasinja ya kan yaba wa direba in an isa lafiya, amma ba ya tuna wanda ya ɗaure ƙusa. Mutumin da ya yi shekaru yana irin wannan aiki ya saba da yin abin da ya wajaba ba tare da jiran yabo ba, ya kuma saba da tsayawa kusa da abin da ke iya kashe shi ba tare da hankalinsa ya tashi ba.

Shigarsa Soja

Ingila ta shiga yaƙi da Jamus ran 4 ga Agusta, 1914. A lokacin nan ba a tilasta wa kowa shiga soja a Ingila, sai a 1916 aka kafa dokar tilas. Lord Kitchener, wanda ke riƙe da sha'anin yaƙi, ya yi kira ga maza su fito don kansu, suka kuwa fito dubu dubai, daga masaƙu da ramukan kwal da ofisoshi da gonaki. Ma'aikatan reluwe fiye da 180,000 suka shiga soja kafin a gama yaƙin, wajen 20,000 daga cikinsu ba su komo ba. Da maza suka yi ƙaranci sai aka ɗauki mata suna sayar da tikiti, suna share taragu, suna goge kawunan jirage.

Sykes bai jira an matsa masa ba. Kafin watan Agustan nan ya ƙare ya riga ya ba da sunansa, yana da shekara 29. Aka sa shi cikin rundunar da ke ɗauke da sunan Duke na Wellington, yana farabiti, watau soja marar igiya ko ɗaya.

Wurin da ya fara ganin yaƙi shi ne Galipoli, cikin ƙasar Turkiyya, a 1915. Dalilin zuwa can kuwa shi ne, Turkawa sun bi bayan Jamus, suka toshe mashigin ruwan nan na Dardanelles, wanda ta nan ne jiragen ruwa ke bi su kai ga Rasha. Ingilishi da Faransawa suka yi shawarar su buɗe mashigin da ƙarfi, su ci Istambul, su kai wa Rasha gudunmawa. Aka fara sauke soja a gaɓa ran 25 ga Afril, aka kuma ƙara sauke waɗansu a Suvla cikin watan Agusta. Amma Turkawa suna bisa tuddai, sun kuwa yi yaƙi na maza, cikin shugabanninsu har da Mustafa Kemal, wanda daga baya ya zama shugaban sabuwar Turkiyya. Ga zafi, ga ƙishirwa, ga ƙudaje, ga atuni yana kashe mutane kamar harsashi. Da aka ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai aka kwashe soja duka, na ƙarshensu suka tashi cikin Janairu, 1916, ba a sami abin da aka je nema ba.

A can ne aka yi wa Sykes mummunan rauni a ƙafa. Aka komo da shi Ingila, har ana tsammanin sai an yanke ƙafar, amma likitoci suka yi ta yi masa aiki sau da yawa har ta tsira. Da fari aka ce ba shi da sauran zuwa bakin daga, sai aikin soja na cikin gida. In da labarinsa ya tsaya a nan, da ba wanda zai zarge shi, gama ya riga ya ba da jininsa. Amma da ƙafa ta yi ƙarfi aka sake duba shi, aka ce ya isa, sai aka mai da shi wata runduna ta mutanen Northumberland, cikin bataliya ta 27, aka haye da shi Faransa. Bataliyar nan tana cikin huɗu da aka tara daga zuriyar mutanen Ailan mazauna bakin kogin Tyne. Sun sha wuya ƙwarai ran 1 ga Yuli, 1916, ranar da aka fara yaƙin Somme, wadda a cikinta kaɗai sojan Ingilishi 19,240 suka mutu.

Yadda Yaƙin Faransa Ya Ke

Kafin ku gane abin da Sykes ya yi, sai kun san irin yaƙin da a ke yi a Faransa a lokacin. Ba irin yaƙin dā ba ne na dawakai da takuba, inda a kan kara da safe, kafin la'asar an san wanda ya ci. Tun ƙarshen 1914 kowane ɓangare ya haƙa ramuka masu tsawo ya shige, tun daga bakin teku a Beljiyam har iyakar Suwizalan, tafiyar mil ɗari huɗu da wani abu. Gaban ramukan an shimfiɗa waya mai ƙaya. Tsakanin ramukan Ingilishi da na Jamusawa akwai fili wanda ba na kowa ba, igwa ta farfashe shi, ba itace, ba ciyawa, sai taɓo da kududdufai. Bindiga mai ruwa guda ɗaya tana iya zuba harsashi wajen 500 cikin minti guda. Saboda haka mutum biyu ko uku da ke ɓoye da ita sun isa su tsai da bataliya guda.

Wanda aka harba a filin nan ya shiga uku. Ƙasar Faransa ƙasar noma ce da ta sha taki shekaru aru aru, in ta shiga rauni sai ya ruɓe da sauri, ko kuwa ciwon sandarewar jiki ya kama mutum. Maganin nan penisilin kuwa ba a gano shi ba sai 1928, ba a kuma yi aiki da shi sosai ba sai a yaƙi na biyu. Kowane soja yana da ɗan ƙunshin bandeji cikin aljihun rigarsa, amma wanda hannunsa ya karye, ko ya suma, yaya zai ɗaure kansa? In aka samu aka ɗauko shi, a kan kai shi wurin likitan bataliya, daga nan zuwa asibitin tanti da a kan kafa kusa da hanyar dogo, sa'an nan jirgin ƙasa na majinyata ya kwashe su zuwa manyan asibitoci na bakin teku. Duk wannan shiri ba shi da amfani ga mutum sai an sami wanda ya fita cikin wuta ya ɗauko shi tukuna. Da yawa sun kwana biyu ko uku a fili suna kira, har muryarsu ta ɗauke.

Ranar 9 Ga Afril, 1917

A farkon 1917 manyan hafsoshin Ingila da Faransa suka shirya babban hari. Aka ce Ingilishi su fara bugawa a wajen birnin Arras, don su jawo sojan Jamus can, bayan mako guda kuma Faransawa su buga a kudu, wajen kogin Aisne. Aka yi kwanaki ana ruwan igwa a kan ramukan Jamusawa, harsashin igwa fiye da miliyan biyu, yawancinsa kuwa jiragen ƙasa ne suka kawo shi. A ƙarƙashin Arras akwai tsofaffin ramuka inda mutanen dā suka haƙi dutsen gini. Mahaƙa daga Niyu Zilan suka haɗa su da hanyoyi, aka sa fitilun lantarki, soja dubbai suka ɓuya ciki suna jiran ranar.

Ranar ta zo Litinin, 9 ga Afril, kashegarin idin Ista na Kirista, kwana uku bayan Amurka ta shiga yaƙin, kwana biyar kuma bayan Sykes ya cika shekara 32. Da ƙarfe biyar da rabi na asuba aka tashi, ana iska mai sanyi, ƙanƙara na zuba. A arewa sojan Kanada suka hau tudun Vimy, wanda Faransawa suka yi hasarar mutane masu yawa a kansa a 1915 ba su riƙe shi ba. A waɗansu wurare Ingilishi suka ci gaba har mil uku da rabi, abin da ba su taɓa yi cikin yini guda ba tun da aka shiga ramuka.

Amma ba ko'ina abin ya zo da sauƙi ba. Bataliyar su Sykes ta yi wajen yadi 350 gaba da ramukanta, sai wuta ta tare ta daga gaba da kuma daga gefe. Mutane suka yi ta faɗuwa. Waɗanda suka rage suka kwanta, ba gaba ba baya, kowa ya ɗaga kai harsashi ya same shi. Masu rauni suna warwatse a fili.

A nan ne Sykes ya tashi. Ya nufi inda wutar ta ke, ya ɗauko mai rauni guda, ya komo da shi. Ya sake fita, ya kawo na biyu. Ya koma ya kawo na uku, ya koma ya kawo na huɗu. To, ku yi lissafi da kanku. In kowace fita ta kai yadi 350, zuwa da komowa sau huɗu ya zama yadi 2,800, watau fiye da mil ɗaya da rabi, rabinsa kuwa da nauyin ƙaton mutum, cikin taɓo, bisa ƙafar da likitoci suka ɗinɗinka. Wanda ya fita sau ɗaya, a iya cewa zafin zuciya ne ya ɗebe shi bai san abin da zai tarar ba. Amma wanda ya komo lafiya, ya ga abin da ya gani, ya kuma juya ya koma, wannan ya san abin da ya ke yi.

Sa'an nan ya yi fita ta biyar, ita ce kuwa ta fi sauran. Akwai waɗanda rauninsu ya yi tsanani, har in an ɗaga su ma sai a ƙarasa su. Sai ya zauna tare da su a fili, inda duk wanda ya gani ya ɗauka mutuwarsa ta zo, yana bin su ɗaya ɗaya yana ɗaure musu raunuka. Bai bar wurin ba sai da ya gama da su duka. Cikin ikon Allah kuwa ya fita da ransa.

A ranar nan kuma, wani ɗan'uwansa soja na bataliya ta 25 cikin rundunarsu, Thomas Bryan, mahaƙin kwal, ya lallaɓa shi kaɗai, da rauni a jikinsa, ya kashe bakin wata bindiga mai ruwa da ta tare hanya. Shi ma aka ba shi irin lambar da aka ba Sykes. Ga jarumai biyu rana guda, ɗaya daga ramin kwal, ɗaya daga bakin dogo.

Kada kuwa mu ɓoye muku ƙarshen yaƙin Arras. Nasarar ranar farko ba ta ɗore ba. Jamusawa suka kawo gudunmawa suka toshe kafar, harin Faransawa a Aisne kuma bai biya bukata ba. Aka yi ta gwabzawa har tsakiyar watan Mayu. Sojan Ingila da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta wajen 160,000 aka kashe, ko aka yi wa rauni, ko suka ɓace, watau kimanin mutum 4,000 kowace rana, na Jamus kuma fiye da 100,000, duk a kan 'yan mil kaɗan na ƙasa. Cikin wannan ɗimbin hasara mutum huɗu ba su da yawa a lissafin janar. Amma kowane ɗaya daga cikinsu ɗan wata ne, watakila kuma mijin wata ko uban wani.

Lambar Biktoriya

Sarauniya Biktoriya ce ta kafa lambar nan a 1856, a ƙarshen yaƙin Kirimiya, aka sa mata sunanta, Turawa kuma suna taƙaita ta da harufa biyu, V.C. Ba ta zinariya ba ce, ba kuwa ta azurfa ba. Tagulla ce, da siffar gicciye, da zaki bisa kambin sarauta, da kalmomi biyu masu nufin cewa saboda jaruntaka aka bayar. Ƙa'idarta ita ce ba a duban muƙami ko asali, janar da farabiti duk ɗaya ne, sai dai abin da mutum ya aikata gaban abokan gaba, da shaidar waɗanda suka gani. Cikin miliyoyin da suka yi yaƙin 1914 zuwa 1918, sau 628 kaɗai aka ba da ita, da yawa kuwa sai iyalansu aka miƙa wa, don masu ita sun mutu wajen samunta. A wancan zamani, soja wanda ba hafsa ba, a kan haɗa masa da fam goma kowace shekara.

Aka yi shelar lambar Sykes cikin watan Yuni, 1917, cikin Yuli kuma Sarki Joji na Biyar ya maƙala masa ita da hannunsa a fadar Buckingham. Amma wahalar yaƙi ta riga ta ci jikinsa, a 1918 aka sallame shi daga soja saboda rashin lafiya. Sai ya koma reluwe, wurin da ya fito.

Ba shi kaɗai ne ma'aikacin L.N.W.R. da ya sami lambar ba, su uku ne. Akwai John Christie, akawun kaya a Euston, wanda ya same ta a Falasɗinu cikin Disamba, 1917. Akwai kuma Wilfred Wood, ma'aikacin loko a Stockport, wanda ya same ta a Italiya ran 28 ga Oktoba, 1918, daga baya ya zama direban jirgi. Kamfanin ya ga ya kamata ya girmama su ta hanyar da ma'aikacin reluwe zai fi jin daɗi, sai ya sa sunan kowannensu a jikin wani babban kan jirgi. Kafin wannan, sunayen mutanen da a kan gani a jikin kawunan jirage yawanci na manya ne, kamar sarakuna, da manyan hafsoshi, da shugabannin kamfani. Ga shi yanzu kan jirgi yana jan fasinja zuwa Landan da sunan lebura a gefensa. Da kan jirgin ya tsufa, bayan an haɗe kamfanoni a 1923, sai aka mai da sunan Sykes jikin wani sabo mai lamba 5537, wanda ya yi ta aiki har farkon shekarun 1960. Ma'aikatan kamfanin da suka mutu a yaƙin kuwa, su 3,719, an gina musu abin tunawa a gaban tashar Euston a 1921.

Da yaƙi na biyu ya tashi a 1939, Sykes ya haura shekara hamsin, ya wuce zuwa bakin daga, amma ya shiga rundunar tsaron gida da aka kafa a 1940. Ya rasu ran 3 ga Agusta, 1949, a Lockwood kusa da Huddersfield, yana da shekara 64, aka binne shi can. Lambarsa aka kai ta gidan ajiye kayan tarihin rundunarsu a Alnwick, aka kuma kafa allo mai sunansa a tashar jirgin Mossley.

Abin Lura

To, samari, akwai abu biyu da mu ke so ku riƙe. Na fari, in an ce jarumi, yawancinmu mai sara da suka mu kan tuna. Amma ku auna: mai kai hari yana da makami a hannu, da fushi a zuciya, da 'yan'uwa a gefensa suna ihu. Wanda ya durƙusa yana ɗaure raunin wani, hannuwansa biyu duk suna ga aiki, bayansa a buɗe, ba shi da abin kare kansa. Wannan ma jaruntaka ce, ba kuwa sai a fagen yaƙi a ke bukatarta ba. Gobara ta kan tashi, kwalekwale ya kan kife, annoba ta kan shigo gari, kowace kuwa tana neman wanda zai koma ya ɗauko na baya.

Na biyu, ɗan makaranta ya kan yi saurin raina mai aikin hannu. Da ya iya riƙe alƙalami, ya sa farar riga, sai ya ga mai diga da shebur kamar ba mutum ba. Ilmi abu ne mai daraja, ku neme shi iyakar ƙoƙarinku. Amma ran 9 ga Afril, 1917, waɗanda ke kwance cikin taɓon Arras ba su tambayi aji nawa Sykes ya gama ba. In kun ƙara shiga jirgi, kuka hangi leburori tsaye a gefen dogo suna jiran ku wuce, ku ɗaga musu hannu, gama lafiyar da za ku isa da ita tana cikin aikin da suka yi tun da asuba.